Monitar LG mai inci 27, bayan hunturu ɗaya da bazara ɗaya a Tumfure, Gombe

Ranar da na gama haɗa kwamfutar nan, ƙanena ne ya fara ɓata min rai. Na kunna masa wasan ƙwallon nan FC 24, ya buga kamar minti uku, ya ajiye fad ɗin a kan tebur ya ce, "Hamma, wai ina kuɗin da ka ce ka kashe? Ni dai ban ga abin da ya canza ba." Na harare shi, amma a raina na san bai yi ƙarya ba.

Na cire tsohon katin girafik ɗina GTX 1050 Ti, na sa RTX 3060 mai giga 12, na haɗa da furosesa Ryzen 5 5600 da ram giga 16. Lambar da ke can kusurwar sikirin tana nuna firem 130, wani lokaci 150 a sakan ɗaya, wato yawan hotunan da katin ke zanawa. Ita kuwa monitar da nake kallo tsohuwar ta ofis ce, inci 22, ’yar Beljiyam, wadda iyakacin abin da take iya nunawa hoto 60 ne a sakan. Ramin VGA kawai gare ta, sabon katin kuma ba shi da wannan ramin, sai da na nemo adafta na jona. Wato na kawo tankar ruwa na ce a juye min a buta.

Ni ba ɗan gem zalla ba ne. Abincina yana cikin zane: katin biki, kalanda, fosta, bana ta walimar sauka, sai tace bidiyon ɗaurin aure da kamu. Da rana CorelDRAW da Photoshop, bayan isha’i kuma in yara sun yi barci sai in ɗan taɓa wasa. Saboda haka duk monitar da zan saya dole ta nemo kuɗinta da rana kafin ta samu izinin yin wasa da dare. Da wannan hujjar ma na shawo kan uwargida.

Wata biyu na yi ina jujjuya maganar, kuma abin da ya fi cin lokacina shi ne yawan ɗigon hoto. Kowane hoto a sikirin ƙananan ɗige-ɗige ne aka jera. Mai 1080 tana da 1920 a kwance, 1080 a tsaye, jimla ɗigo miliyan 2 da ’yan kai. Mai 1440 tana da 2560 sau 1440, kusan miliyan 3.7. Mai 4K kuwa ta haura miliyan 8. Kowane ɗigo katin ne zai zana shi, a kowane firem. Idan ka tashi daga 1080 zuwa 1440 ka ƙara wa katinka aiki kusan ninki biyu, idan ka haura 4K ka ninka masa huɗu. Zuciyata ta so 4K, don wa zai ƙi a ce a ɗakinsa akwai ta? Amma 3060 ba dokin wannan sukuwa ba ne. Zai nuna hoton, sai dai a manyan wasanni zai riƙa jan ƙafa har ka tsani kanka.

Sai maganar faɗi. Mutanenmu suna son babban abu, ka shiga shago ka ce monita, abin da za a fara nuna maka shi ne wadda ta fi girma. Amma inci 27 mai 1080 ɗigonta a warwatse yake, kusan 82 a kowane inci, idan ka matso kusa za ka ga gefen haruffa kamar haƙoran zarto. Inci 24 mai 1080 tana da kusan 92. Inci 27 mai 1440 tana da kusan 109, kuma nan ne idona ya kwanta. Ga mai jera ƙananan rubutu a katin biki, wanda kuskuren harafi ɗaya a sunan uban amarya zai sa a dawo masa da kati 500, wannan bambancin ba ƙarami ba ne.

A kan sauri kuwa na yi lissafi a bayan rasit. Monita mai 60Hz tana sabunta hoto duk bayan milisakan 16.7. Mai 144Hz duk bayan 6.9. Mai 240Hz duk bayan 4.2. Daga 60 zuwa 144 ka ci ribar kusan milisakan 10, kuma ido yana gani, ko kibiyar maus ka ja za ka ji. Daga 144 zuwa 240 ribar ba ta kai milisakan 3 ba. Yanzu ka tuna inda muke zaune. Mafi yawan sabar da muke haɗuwa da ita idan muna wasa ta intanet a Turai take, ko Afirka ta Kudu, kuma ni daga Tumfure ban cika ganin fing ɗina, wato lokacin da saƙo ke ɗauka ya je saba ya dawo, ya sauka ƙasa da milisakan 120 ba a Counter-Strike 2, ranar da sabis ya yi fushi ma ya wuce 200. Mutumin da harsashinsa sai ya je Jamus ya dawo kafin a san ya harba, in ya ƙara dubban nairori don ya tsira da milisakan 3, to ya sayi abin nuna wa abokai ne kawai. Na tsaya a 144.

Na fara zagaya shagunan cikin gari. Abin da ya fi yawa monitocin ofis ne na hannu, Dell da HP, masu kyau don sakatariya da shagon buga takardu. A wani shago da ba zan faɗi sunansa ba na tarar da wata mai inci 32 mai lanƙwasa, ’yar Beljiyam, an kunna mata bidiyon furanni da tsuntsaye, kala sai ka ce ka lasa. Farashin ya yi min daɗi har na fara lissafin kuɗin keke napep da zai kai min ita gida. Allah ya taimake ni na zo da filashi mai hotuna biyar: fari tas, baƙi ƙirin, ja, kore, shuɗi. Da muka sa farin, sai ga ɗigo baƙi ɗaya kusa da tsakiya. Mai shagon ya ce, "Ai ƙura ce, Malam," ya sa gefen rigarsa ya goge. Ƙurar ba ta motsa ba. Da muka sa baƙin kuma, gefen hagu na ƙasa ya yi haske kamar an haska tocila ta baya. Na ce, "Alhaji, Allah ya kawo kasuwa," na fita. Duk wanda zai sayi monita ta hannu ya tafi da waɗannan hotuna biyar. Bidiyon furanni yana rufe kowane aibi, shi ya sa ake kunna shi.

Wani abokina a Bauchi, can wajen Yelwa, yana da Samsung Odyssey G5, inci 27 mai 1440 da 144Hz, kuma da na je ɗaurin aure na kwana a wurinsa na yi mata kallon tsanaki. Gilashinta nau’in VA ne. Baƙinta baƙi ne na gaske, idan dare ya yi a cikin wasa, ɗakin ma sai ka ji ya yi dare. Na yi sha’awarta ƙwarai. Abu biyu suka hana ni. Na farko halin gilashin VA ne gaba ɗaya, ba nata kaɗai ba: wurin da hoto ya yi duhu, idan abu ya gilma da sauri yakan bar ’yar inuwa a bayansa. Na biyu lanƙwasar. An lanƙwasa ta sosai, abin da suke kira 1000R, a wasan tseren mota abin daɗi ne, amma da na buɗe masa CorelDRAW na ja layi miƙaƙƙe sai idona ya ce min a karkace yake. Shi abokina ya saba, ya ce kwana uku ne ka daina gani. Ni dai da layi nake ci, ba zan yi caca da shi ba. Gilashin IPS kalarsa ba ta sauyawa ko ka kalla daga gefe, kuma haka nake buƙata, don kwastoma ba a gabana yake zama ba, a gefen kafaɗata yake tsayawa yana cewa a ƙara wa ja ɗin nan ƙarfi.

Da haka na tsaya a kan LG UltraGear 27GN800. Inci 27, 2560 sau 1440, IPS, 144Hz, a miƙe take ba lanƙwasa.

A Gombe ban same ta ba. Ɗan kawuna da ke karatu a Jami’ar Bayero na tura Beirut Road a Kano. Cinikin biri a sama ba na yi, don haka sai da aka buɗe kwali a gabansa, ya kira ni ta bidiyo a WhatsApp, aka jona, aka bi hotunan nan biyar ɗaya bayan ɗaya, yana matso da wayar har kusan ta taɓa gilashin. Mai shagon ya gaji da ni, na ji muryarsa daga gefe yana cewa, "Wannan ɗan’uwan naka mota yake saya ne?" An daidaita a naira 430,000, a watan Nuwamba na 2024, lokacin dala ta haura naira 1,600. Na san kuɗi ne. Na kuma san in da a farkon 2023 ne, kafin a saki naira ta nemi matsayinta a kasuwa, da ba zan biya kusa da haka ba. Na biya, aka rubuta lambar jikinta a rasit.

Kawo ta ma wani ciniki ne. Ban yarda a yi min webil a jefa ta but a ɗora buhun shinkafa a kai ba. Kuɗin kujerar mutum ɗaya na biya, aka zaunar da kwalin a tsaye a kujerar baya kamar fasinja, aka bi da ita ta Darazo da Dukku. Direban da ya miƙo min ita a tasha ya ce ita ce fasinjan da ba ta nemi a tsaya mata ko sau ɗaya ba.

Yanzu abin kunyar. Na jona ta da tsohuwar wayar HDMI da na ciro daga bayan dikoda, na zauna ina yaba kala, ina ce wa kowa ya zo ya ga santsi. Kwana shida ina haka. A rana ta bakwai na shiga saitin Windows neman wani abu daban, a ƙarƙashin Advanced display sai na ga an rubuta 60Hz. Ashe duk santsin da nake gani a zuciyata yake. Windows ba lallai ta ɗaga maka da kanta ba, kai ne za ka shiga ka zaɓi 144. Na sauya zuwa wayar DisplayPort, na zaɓa, na ja maus sau ɗaya, na yi shiru. Ban gaya wa ƙanena wannan labarin ba har yau.

DisplayPort ɗin yana da wani amfani ga mai katin Nvidia. Akwai wata matsala da ’yan gem suka sani, hoto ya yage gida biyu, rabin sama ya riga rabin ƙasa, saboda kati da monita kowa da nasa takun. Nvidia ta fito da G-Sync a 2013 don maganin haka, AMD ta biyo da FreeSync a 2015, kuma shekaru da dama kowa yana gidansa, mai katin Nvidia sai ya sayi monita mai tsada ta musamman. A Janairun 2019 Nvidia ta buɗe ƙofa, katunanta suka fara aiki da monitocin FreeSync, amma a irin wannan monitar ta DisplayPort ne abin yake tafiya. Na kunna shi a manhajar Nvidia, monita ta koma bin takun kati. Amfaninsa ya fi fitowa a Red Dead Redemption 2, inda 3060 ke wahala a 1440, firem yana yawo tsakanin 55 da 70 ko da na kunna DLSS, dabarar Nvidia ta rage wa kati nauyin zane. A da irin wannan hawa da sauka yakan sa hoto ya riƙa tuntuɓe. Yanzu doki yana gudu a dajin nan lafiya ƙalau, sai na dubi lamba nake sanin ta sauka. FC da Counter-Strike kuwa suna cika 144 ɗin ko su kusanta, Forza Horizon 5 yana zama wajen 80 zuwa 90.

A wajen aiki kwalliya ta biya kuɗin sabulu. Ina buɗe Premiere, manhajar tace bidiyo, in ga dogon layin bidiyo ba tare da na yi ta ja hagu da dama ba. Kalar da nake gani ta fi kusa da abin da injin buga bana yake fitarwa, duk da cewa sikirin da haske yake nuna kala, inji kuma da tawada, ba za su taɓa zama ɗaya ba. Rigimar "ba wannan shuɗin na ce ba" dai ta ragu.

A jikin kwali an rubuta 1ms, wato ɗigo yana sauya kala cikin milisakan ɗaya, kamar yadda kusan kowace monitar gem take rubutawa. Wannan lambar ana samunta ne idan ka kai saitin Response Time ƙarshe, wato Faster, a nan kuma za ka fara ganin wani farin zobe yana bin abin da ke motsi. Na bar tawa a Fast, na manta da lambar. Haka HDR, tsarin da ke ƙara tazara tsakanin haske da duhu a hoto. Tana karɓar HDR10, amma haskenta wajen nit 350 ne kuma fitilar bayanta ba ta rabe-rabe, don haka kunna shi bai ƙara min komai ba. A kashe yake. Baƙinta ma, tunda IPS ce, idan ka kashe fitilar ɗaki za ka ga ya ja zuwa toka-toka, kusurwoyi suna ɗan sheƙi. Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Na sa ƙaramin ƙwan fitila a bayanta yana haska bango, idona ya daina lura. Sifika babu, akwai dai ramin hedfon a baya, ni kuma dama da dare ba na son ƙara.

Abin da na raina tun farko shi ya fi tsone min ido, wato ƙafarta. Tana sunkuyawa gaba da baya kaɗan, shi ke nan. Ba ta hawa sama, ba ta sauka, ba ta juyawa. Na san haka kafin in saya, a rubuce yake, na ce ai ba komai. Ni kuma dogo ne, bayan mako biyu wuyana ya fara ba ni labari. Na ɗora ta a kan rim biyu na takardar A4.

Sai wuta, wadda duk masu bayanin monita na ƙasashen waje ba ruwansu da ita, mu kuwa ita ce farkon lissafi. Tun duhun da muka sha daga ƙarshen Afrilun 2024, lokacin da aka lalata turakun babban layin da ke kawo wuta daga Jos zuwa Gombe, na haƙura na haɗa sola: inbata da batir tubula biyu masu 220Ah. Katin 3060 shi kaɗai yana iya jan wat 170, furosesa 65, ga sauran tarkace. Idan wasa ya yi zafi ina ganin lambar inbata ta haura da kusan wat 300. Monitar kanta ba ta da ci, da na rage haskenta zuwa 35 cikin 100 abin da take ƙarawa bai kai na fankar sama ba. Amma ga abin da ban yi tunaninsa ba: monita mai 1440 da 144Hz tana sa katin ya yi aiki iya ƙarfinsa, alhali a tsohuwar idan na ɗaure shi a 60 hutawa yake. Wato ba ita ke shan batir ba, ita ke sa a sha. A watan Afrilu, da zafin Gombe ya kai inda yake kaiwa, uwargida ta leƙo wajen ƙarfe 11 na dare ta ce, "Yallaɓai, zaɓi ɗaya: ko ƙwallon nan taka, ko fankar yara." Tun ranar na ɗaure firem a 90 idan muna kan batir, lambar inbata ta sauka sosai, kuma da G-Sync a kunne 90 ɗin ma santsi ne. Da 4K na saya, da rigimar ta kai gaban Dada.

Wani abu da ya burge ni, wutarta ta adafta take shiga, irin ta laftof, mai bolt 19, ba a cikin jikinta aka binne ba. A garin da wuta kan dawo da ƙarfi ba sallama, na fi son abin da zai fara karɓar duka ya zama wanda zan cire in sauya, maimakon a buɗe min bayan monita a teburin mai gyara. Duk da haka ban taɓa jona ta kai tsaye a bango ko a ƙaramin janareta ba, ta inbata take sha.

Hunturu ya zo da ƙurarsa a Disamba da Janairu. Na sa tela ya ɗinka mata riga da ragowar yadi, ina rufe ta duk dare. Gilashin ba mai sheƙi ba ne, hasken taga ba ya dawo maka a fuska, amma ƙura tana kwanciya a kansa. Kada a goge a bushe, ƙurar hunturu yashi ce, tana karce. Ina fara hure ta, sannan tsumma mai laushi da ɗan danshi. Zafin bazara bai sa ta yi wani abu ba, katin ne dai fankokinsa suka riƙa kuka.

Wanda katinsa bai kai nawa ba, irin GTX 1650 ko 1660, ko wanda gem kawai yake yi ba zane, ban ga dalilin da zai bi ni ba. Inci 24 mai 1080 da 144Hz, irin AOC 24G2, za ta fi yi masa daidai, ita ma IPS ce, ƙafarta ma tana hawa da sauka, ragowar kuɗin ya ƙara batir. Mai PS4 kuma ya riƙe talabijin ɗinsa, na’urar ba ta wuce 60. PS5 ta fara fitar da 1440 tun Satumban 2022, wannan zai more ta.

Ƙanena yanzu duk daren Juma’a yana gidana, kuma tun da ƙwallo ta daina yi masa gizo a ido yake cin na jaki da ni. Tsohuwar monitar shi na ba wa. Makon jiya takarda ta ƙare min ana tsakiyar buga katin wani biki, na zare rim ɗaya daga ƙarƙashinta, ta koma ƙasa, wuyana ya dawo da tsohon labarinsa. A bayanta akwai ramukan ƙusa huɗu, milimita 100 tsakaninsu, waɗanda ake ɗaura ta da su a hannun ƙarfe mai maƙalewa a tebur. Na riga na tura wa ɗan kawuna kuɗin hannun ƙarfen, ya ce sai ya gama jarrabawa zai shiga Beirut.